Goron Da Ban Raba Ba

Shekara bakwai ina raba goron biki a unguwarmu ba tare da mai bikin ta sani ba. A shekara ta takwas na ƙi rabawa. Har yau in abin ya faɗo mini ina cin abinci, sai in ture kwanon.

Mai bikin Sista muke ce mata. Ungozoma ce a asibitin da nake aikin shara da wankin kayan ɗakin haihuwa a Dutse. 'Yar ƙasar Filifin ce, gajeruwa, mai yawan dariya kamar ba ta san ana mutuwa ba. Wani likita ɗan ƙasar nan ne ya je karatu can ya auro ta, suka zauna a Kano, da aka mai da Dutse babban birnin jiha aka turo su. Ba su daɗe da zuwa ba ya rasu a hatsarin mota. Kowa ya ɗauka za ta tattara ta koma gida. Ta ce ina, a nan aka binne mijinta, kuma matan nan ba su daina haihuwa ba. 'Yarsu ɗaya tilo tana can wurin dangin uwa tana karatu. Yaran unguwa 'yar Caina suke ce mata, ta gyara musu har ta gaji ta ƙyale su.

Ni kuwa Bahaushiya ce Kirista, daga wani ƙauye a bayan Taura. Kakanninmu Maguzawa ne, babana ne ya karɓi bishara. Mu irinmu tun muna ƙanana ake koya mana zama: ka yi addininka a hankali, ka rage murya, kada ka ja wa kanka ido. Fastonmu na ƙauye ko ganga ba ya bari a shiga da ita majami'a, wai kayan bori ce. Haka na tashi ina ganin mai bi na ƙwarai shi ne mai ɗaure fuska. Ga ni kuma da baƙar zuciya, wannan ba sai na ɓoye ba, duk wanda ya yi aiki da ni ya sani.

Ni da maigidana muna haya a gidan da ke kallon na Sista. Katanga ɗaya kuma ta raba ta da gidan Malam, wani dattijo mai karantar da manya littattafai a zaurensa. Uwargidansa Gwaggo muke kiranta, mace mai jiki, mai faɗa, mai kyauta. Jikokinta uku a hannun Sista suka faɗo duniya.

Wata rana ana tsakiyar zafi, mijinta bai cika shekara da rasuwa ba, Sista ta kira ni ta ce mako mai zuwa za ta yi biki. Na ce bikin me? Ta ce na waliyyin garinsu, wani manomi ne. Ta ce a wurinsu in ranar ta zo kowane gida dafa abinci yake yi ya buɗe ƙofa, duk wanda ya zo wucewa ya shiga ya ci, ko an san shi ko ba a san shi ba.

Na ce, “To wa da wa za a gaya wa?”

Ta ce, “Ba a gaya wa kowa.”

“Haba Sista! Nan fa ba a haka. Wace mace mai mutunci za ta yafa mayafi ta zo miki gayyar soɗi?”

Ta girgiza kai. Hausarta a karye take, ka da ki duk ɗaya ne a wurinta, amma in ta kafe a kan magana ana ganewa sarai. Ta ce in ka kira wannan to ka bar wancan ke nan, ita kuwa teburin na Allah ne, ba ita za ta zaɓa masa baƙi ba. Ta nuna ni da yatsa ta ce kada in kuskura in kira kowa, za su ga ƙofa a buɗe su shigo.

Na ce to. Ina fita na ce a raina, wannan mata za ta dafa abinci ta ci kayanta ita kaɗai. Washegari na sayi goro na ɗaure a gefen zane, na bi gida gida. Na fara da gidan Malam, na durƙusa na ce, “Gwaggo, Sista ce ta aiko ni, tana da taro ranar kaza, ta ce don Allah ku zo.” Gwaggo ta karɓa ta ce Allah ya kai mu. Na roƙi Malam ya yanka ragon bikin da hannunsa don kowa ya ci hankali kwance, ya ce ai wannan haƙƙin maƙwabtaka ne.

Kai, ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Sista ta yayyanka takardu masu launi ta jera a zare ta ɗaura tun daga ƙofa har bishiyar darbejiyar tsakar gida. Ta dafa kaji da tafarnuwa da wani ruwan tsami, ta yi wainar shinkafa da kwakwa, ta soya taliya cike da daro, ta hana a kakkarya ta, wai tsawon taliyar tsawon rai ne. Bayan azahar mata suka fara shigowa da goyo da kwanoni, maza aka shimfiɗa musu tabarmi a waje. Da aka ƙoshi ta fito da gora biyu dogaye, ta sa mutum biyu suka riƙe bakinsu suna bugawa a ƙasa suna haɗawa, ita kuma tana tsalle a tsakani, ta sa ƙafa ta cire kafin gorar ta kama ta. Gwaggo ta ce yo wannan har wani abu ne? Ta ɗaure mayafi a ƙugu ta shiga. Bugu na biyu gora ta datse mata idon sawu, ta zauna daɓas tana zagin masu riƙon, mata suna faɗuwa don dariya.

Sista ta matso kusa da ni tana haki ta ce, “Kin gani? Ban kira kowa ba.”

Na ce na gani.

Amma abin bai kwanta mini ba. Da muna wanke tukwane na kasa haƙuri na ce, “Sista, ke kuwa ba ki jin kunya? Mijinki ko shekara bai yi a ƙasa ba kina tsalle a kan gora. A hakan ke Kirista ce?”

Ba ta ji haushi ba. Ta ce a tsibirinsu kusan kowace shekara guguwa tana zuwa daga teku ta kwashe rufin gidaje, wani lokaci har da mutane. In ranar waliyyi ta zo, a jikin abin da ya rage suke ɗaura takardun nan. Ta ce in sai ranar da babu baƙin ciki za a gode wa Allah, to ba ranar da za a gode masa. Sannan ta dube ni ta ce, “Kullum Lahadi kina cewa Yesu ya tashi daga matattu. Amma fuskarki kamar har yanzu yana cikin kabari.”

Kwana biyu ban gaishe ta ba. Ni da na tashi cikin bishara, wai wata mai kunna kyandir gaban gumaka ce za ta koya mini bi! A rana ta uku na tsinci kaina ina waƙa ina goge ɗakin haihuwa, na yi tsaki na ci gaba da waƙata.

Haka muka yi shekara bakwai. Ita tana buɗe ƙofa, ni ina zagawa da goro ta bayan gida. Ba na jin na cuce ta a wannan. Tana alfahari da unguwar, tana rubuta wa 'yarta cewa mutanen Dutse kamar mutanen garinsu ne, ƙamshi kawai suke ji su shigo. Ni ma a cikin shekarun nan na saki jiki. Har rawar gora na koya, ni da ko a bikina ban taka ba.

Sai shekarar da aka fara maganar shari'a. Labarin rikicin da aka yi a Kaduna ya iso mu, kowa da irin nasa. Wasu masu shaguna suka tura matansu da 'ya'yansu kudu. Wani dattijon majami'armu ya tsaya bayan sujada ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, kowa ya kama kansa, a rage taruwa, a rage kiɗa. Gaskiya ɗaya ce, a unguwarmu ba wanda ya ce mini ci kanki. Sau ɗaya ne a bakin famfo wani saurayi, ba ma ɗan layinmu ba, ya ce kwanan nan za mu sa hijabi ko mu bar gari. Na zage shi tas, na dawo gida na kulle ƙofa. Tun daga ranar duk gaisuwar da aka yi mini sai na juya ta ina neman abin da ke ƙarƙashinta.

A cikin wannan hali ne Sista ta ja ni ɗakin canja kaya a asibiti ta kama hannuna ta ɗora a gefen nononta. Wani ƙulli ne mai tauri kamar ƙwallon goruba. Ta ce ta san ko mene ne, aikinta ne. Farkon damina za ta tafi wurin 'yarta, kuma ba ta jin za ta dawo.

Ta ce, “Bikin bana shi ne na ƙarshe. So nake in ga gidan nan ya cika. So nake in ga gora ta sake kama ƙafar Gwaggo.”

Na ce, “Sista, bana fa gari ba daɗi. Ko a bari?”

Ta ce bana ne ma ya fi kamata.

Na sayi goron, Allah ya sani na saya. Na ɗaure shi a zane na nufi gidan Malam. Ina isa na ga takalma jibge a ƙofar zaure, rediyo yana ta wa'azi da ƙarfi. Ba wani sabon abu ba ne, kullum haka zauren yake. Amma ranar sai na tsaya. Na ce in na shiga Gwaggo ta maido mini da goron fa? In ta ce bana Malam ya hana? Da wane ido zan dube ta gobe, ni da sai na bi ta ƙofarta nake zuwa famfo? In kuma suka zo wani ya tsaya a waje ya ce ga arna sun tara matan Musulmi suna kiɗa, wa zai tare mana? Na juya. Washegari na sake komawa, na sake juyowa. Na zuba goron a kwalla na rufe.

Da maganar rago ta zo na ce wa Sista Malam zai yi tafiya Aujara, bari in kai mahauta a yanka. Ƙarya ce tsagwaronta, a tsaye na ƙirƙire ta. Na lallashi kaina da cewa ai bikin farar kaza balbela ba gayya. Shekara bakwai suna zuwa, sun san hanya, za su ga takardu su ji ƙamshi. In suna son ta za su zo, in ba su zo ba to dama can ba sa so. Ni da na fi kowa sanin ba a haka, ni na zauna ina gaya wa kaina wannan shirme.

Ranar ta zo. Sista ta tashi tun da safe, ta rame amma ta hau kujera da kanta ta ɗaura takardun. Ta dafa abin da ya fi na kowace shekara yawa. Ta sa wata doguwar riga ruwan ɗorawa da ta ce a cikinta mijinta ya fara ganin ta. Ta buɗe ƙofa ta tokare da dutse, ta jawo kujera ta zauna inda za ta ga mai shigowa.

Aka yi azahar. Ma'aikatan asibiti biyu suka zo, sai wasu mutum uku daga cocin su Sista, sai ni da maigidana. Tabarmin waje ba kowa a kai sai akuya. Ta bayan katanga muna jin muryoyin matan gidan Malam, wani lokaci su yi shiru kamar masu sauraro. Duk motsin da aka yi a layi sai Sista ta miƙe ta gyara riga, in ta ga mai tallan ruwa ne ta koma ta zauna. Taliya ta huce ta dunƙule a daro. Taku nawa ne tsakanin ƙofar nan da ta Gwaggo? Bai kai ashirin ba. Ko a lokacin da na ruga na ce ku taso, da sun taso. Amma da na yi haka sai an tambaye ni me ya hana ni zuwa tun farko, ni kuma na fi jin tsoron wannan tambayar fiye da komai. Na zauna ina kore ƙuda daga kan nama.

Da aka kira la'asar Sista ta ce a kawo gora. Ma'aikatan nan biyu suka riƙe, ta shiga ta yi tsalle uku ko huɗu tana dariya, numfashinta ya ɗauke, muka zaunar da ita. Ta ga fuskata ta ɗauka haushin maƙwabta nake ji. Ta dafa ni ta ce, “Kada ki yi fushi da su. Tsoro suke ji. Mai jin tsoro ba mugu ba ne.”

Wayyo ni. Da mari ta kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi.

Na ce ko in kai musu abincin gida gida? Ta ce a'a, wanda bai shigo ba kada a bi shi da kwano a kunyata shi. Muka ɗora tukwanen a mota aka kai wa masu jinya. Takardun kuwa ba ta cire ba, suna nan har ruwan farko ya jiƙa su launin ya zuba a jikin bango.

Ranar da za ta tafi Gwaggo ta shigo da safe da ƙullin turaren wuta. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta zauna ba. Ta ce, “Ashe tafiya ta kama. Allah ya kiyaye hanya, Allah ya ba da lafiya.” Sista ta karɓa da hannu biyu ta ce ta gode. Matan nan biyu da suka saba rungume juna suna ihu, suka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a layin asibiti. Ina tsaye a tsakaninsu da jaka a hannu. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne direba yana jira.

Ana cikin girbin gero wasiƙar 'yarta ta zo asibiti. Wata ma'aikaciya ta karanta ta fassara mini. Sista ta rasu a hannun 'yarta. Kafin ta cika ta bar saƙo: a gaishe ni, a gaida Malam da Gwaggo da duk matan layi, a gaya musu ba ta riƙe su da komai ba, ta san lokacin ne ya zo da haka.

A majami'a akwai misalin da ake yawan karanta mana, na mutumin da ya shirya babban biki ya aiki bawansa ya kira mutane. Kullum wa'azin a kan waɗanda aka kira suka ƙi zuwa yake tsayawa. Ban taɓa jin fasto ya tambayi abin da zai faru in bawan ne ya je bakin ƙofa ya juyo ba. Na kwana uku da saƙon nan, sannan na yafa mayafi na shiga gidan Malam.

Na tarar da Gwaggo tana tsince wake a faifai. Na gaya mata rasuwar. Ta yi salati ta ajiye faifan, hawaye suka zubo mata. Sai na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni.

Ta ɗago kai. “Ba ta riƙe mu da komai ba? Ita ce ma za ta riƙe mu? Ke 'yar nan, me muka yi wa matar nan ta yanke mu? Tun jajibere muka ƙunsa lalle. Malam har wuƙa ya wasa, aka zo ɗaukarsa ɗaurin aure ya ce ba zai je ba, maƙwabciyarsa tana da yanka. Muka ga takardu, muka ji ƙamshi. Muka yi wanka muka zauna da mayafai a kafaɗa tun azahar har la'asar muna jiran goro, shiru. Na ce zan leƙa, Malam ya ce a'a, wataƙila mutanenta ne suka ce ta daina cuɗanya da mu, kada mu je mu sa ta a tsaka mai wuya. Na yi kuka ranar, wallahi na yi kuka.”

A nan na faɗa mata. Duka na faɗa, tun daga goron shekarar farko da Sista ba ta san da shi ba, har ƙaryar Aujara, har juyowar da na yi sau biyu daga ƙofar zaurensu. Na ce tsoro na ji kada ta maido mini da goron.

Na ɗauka za ta zage ni, ita da ba ta raga wa kowa. Da ta zage ni ma da na ji daɗi. Amma ba ta zage ni ba.

Ta ce, “Ni zan maido miki da goro? Shekara nawa kina shiga ɗakin nan?”

Kafin in ce komai ta sake jefo tambaya.

“To tsaya. Ita a can, da ta zauna tana kallon ƙofa, cewa ta yi mun guje ta?”

Na ce e, amma ta ce tsoro kuke ji, kada a yi fushi da ku.

Gwaggo ta rufe fuska da mayafi. Can ta share ido ta jawo faifanta. Na durƙusa na ce ta yafe mini don girman Allah.

Ta ce, “Ni mai sauƙi ce, ga ni ga ki, na yafe. Malam ma zai yafe. Ita fa? Wa zai je ya gaya mata mun yi lalle?”

Na koma gida na buɗe kwallar. Goron ya bushe ya yi baƙi ƙirin, ko akuya ba za ta ci ba.